Yatsa Uku a Bakin Kwata

Duk wanda ya san lungun su Masta Zuberu a Nima ya san ba don mota aka yi shi ba. Kakannin da suka kafa gidajen wurin ko keke ba su da shi, kowa ya ja katangarsa yadda ransa ya so, aka bar wa jama'a abin da ya rage. Daga bakin titi sai ka hau wani tudu da ruwan sama ya zaizaye har duwatsunsa suka fito, sannan ka tarar da matsatsin: a dama dakalin masallaci, a hagu buɗaɗɗiyar kwata mai zurfin gwiwa, suna tafe tare har taku ashirin da wani abu. Bayan nan ne lungun yake ɗan sakin jiki, ƙofar gidan Masta tana kallonka.

Amma duk Talata da Juma'a da hantsi, wata tsohuwar jif ruwan toka mai jan ƙafa huɗu takan hau tudun nan, ta bi matsatsin a hankali kamar mai taka ƙwai, ta tsaya daf da ƙofar. Gangar jikinta tana leƙa kwata, tayoyinta kuwa suna kan ƙasa, yatsa uku ne tsakaninsu da faɗawa. Da farko mutane har tsayawa suke yi kallo. Daga baya suka gaji, sai dai mai kayan miya ta janye tirenta.

Shekara talatin da bakwai Masta Zuberu ya yi a Abossey Okai, kasuwar kayan mota, yana sana'ar wili, wanda yaran yanzu suke kira rim. Shi a wurinsa kyan wili shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Kowane wili yana da farantin tsakiya mai ramukan noti, wanda yake manne wa jikin mota. In farantin ya matso waje, taya sai ta shige ƙarƙashin mota. In ya nutsa ciki, taya ta fito waje, mota ta buɗe ƙafa kamar agwagwa. Wannan tazarar ce ake kira ofset, kuma a kanta Masta ya tsufa. Ta yi ciki da yawa, taya ta gogi sifirin in an karya kwana. Ta yi waje da yawa, ta ci madigadi, ta gajiyar da boris. Ba ya yarda da lambar da aka buga a jikin ƙarfe. Kifa wilin yake yi a ƙasa, ya ɗora miƙaƙƙen rodi a bakinsa, ya zura wata 'yar sanda mai tsagi har ta taɓa farantin, sannan ya buɗe baki. Masu saye da yawa sun tafi da fushi, don ya hana su abin da idonsu yake so. Mutum ne mai taurin kai, kuma abin haushin, yawanci shi ke da gaskiya.

Matarsa Hajiya Hawawu kuwa, a Nima da Maamobi har New Town, amaryar da ba ita ta ɗaura wa ɗankwali ba sai a ce an yi bikin ne kawai don a fita kunya. Hannunta biyu in suka kama yadi sai ya tsaya a kai kamar da shi aka haifi mutum. Ita kanta ko gishiri za ta saya a bakin lungu sai ta sa kwalli, ta duba madubi sau biyu. Masta yakan tsokane ta, wai ranar tashin ƙiyama ma sai an jira ta. Takan ce, gwamma a jira ta da a gan ta wuri-wuri kamar shi.

Hawan jini ya buge ta wata safiya tana tsakiyar ɗaura wa wata yarinya. Ta yi sati uku a asibiti. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace, ido ɗaya ya zube, yawu kuma ba ya jin maganarta. Ranar da aka sallamo ta, sai da aka jira aka tafi sallar Juma'a lungu ya yi tsit, sannan aka shigo da ita a lulluɓe. Da aka kwantar da ita ta nemi madubi. Ta duba sau ɗaya, ta kifa shi a kan katifa, ta kamo rigar Masta da hannunta mai rai.

"Masta," ta ce, harshen yana mata nauyi. "Kar ka bari su gan ni haka."

Ya ce mata ba za su gani ba. Daga ranar nan ba shi da wani aiki a duniya da ya wuce wannan. Mata masu dubiya daga bayan labule suke gaisuwa su ajiye kwanonsu su tafi.

Matsalar ita ce likita ya ce sai an riƙa kawo ta gashin ƙashi sau biyu a sati, in ana son hannun ya dawo. Tasi ba ta iya hawa tudun, cikinta zai kama dutse. Keke mai ƙafa uku kuwa a buɗe yake, gara ma a ɗora ta a ka a zaga kasuwa. Sai Masta ya sayar da rumfarsa ya sayi tsohuwar jif ɗin nan. Ya auna matsatsin da igiya, ya ƙulla mata ƙulli a daidai inda ya fi tsukewa, ya zo ya gwada a tayoyin. Wilin da motar ta zo da shi ya zarce ƙullin da yatsa guda. Gangar jiki ba ta dame shi ba, tana iya shawagi a saman kwata. Tayoyin ne dole su sami ƙasa.

Sati bakwai ya yi yana neman wilin da zai shigar da su ciki ba tare da sun gogi sifirin ba: mai rami shida, siriri, farantinsa a waje, ramin tsakiyarsa kuma da faɗin da zai zauna. Irin na wata tsohuwar motar kaya ne da aka daina kawowa tun tuni. Ɗaya-ɗaya ya tsinto su. Ɗaya baƙi, biyu tsatsa ta cinye fentinsu, na huɗun fari fat kamar daga jikin motar asibiti aka ciro shi. Mummunan abu ne, ba a ɓoyewa. Amma ranar da ya ɗaura su ya shiga lungun, har ya tsaya a ƙofa, sai da ya kifa goshi a kan sitiyari na ɗan lokaci kafin ya fito.

Ya buga ƙusa a bango. In ya buɗe ƙofar mota sai ya rataya wani tsohon zanenta daga ƙusar zuwa saman ƙofar, motar ta tare gefe ɗaya, zanen ya tare ɗayan. Ya shiga ya ɗauko ta a hannu, taku uku, ya zaunar da ita a baya inda gilashi yake da duhu. A asibiti kuwa ba ta damu ba, can kowa da abin da ya kawo shi, kuma ba wanda ya san ta. Wata takwas suna haka. Yatsunta biyu har sun fara motsi, ta fara murza bakin mayafi da su.

Sai Faisal ya dawo.

Shi ne autansu, shekara goma sha ɗaya yana Italiya, sai bana takardunsa suka fito har ya iya zuwa gida ya koma. Duk tsawon ciwon, in ya kira, amsa ɗaya yake samu: da sauƙi. Haka muke, mutum yana bakin kabari a ce da sauƙi. In ya nemi ya gan ta a waya sai a ce layi ba kyau, ko ta ja mayafi ta bar masa ido ɗaya. Ranar Asabar da ya iso ya ɗaga labule, ya yi tsaye da jakarsa a kafaɗa, sannan ya durƙusa ya sa fuskarsa a kan ƙafarta ya yi kuka kamar ba ƙato mai gemu ba. Ita kuwa tana shafa kansa da hannun dama tana cewa ya isa.

Wanda ya daɗe a waje, in ya dawo ya tarar da uwarsa haka, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Yana son ya gyara wani abu, ko ma mene ne. Ya sa aka canza fanka. Ya kawo katifa sabuwa. Ranar Litinin da safe ya ce, "Baba, ba ni maɓallin mota, in kai shi wanki."

Motar a harabar wata makaranta take kwana a bakin titi, don ba a barin ta ta toshe lungu. Faisal bai taɓa ganin shigarta ba. Masta ya miƙa masa makulli ba tare da tunanin komai ba.

Bayan la'asar aka aiko ya fito ya gani. Tun daga kan tudu ya hango samarin unguwa sun kewaye motar suna ta shafa ta. Da suka dare masa hanya sai ya ga abin da aka yi. Wili huɗu na aloi, farin ƙarfen nan na yayi, sabbi fil, suna ɗaukar ido, farantinsu ya nutsa can ciki har mutum zai iya zura hannu zuwa wuyan hannunsa. Tayoyi masu faɗi da manyan haƙora sun fito sun wuce madigadi. Motar ta buɗe ƙafa ta tsaya kamar ɗan dambe. Gaskiya ta yi kyau, wannan ba a musu.

"Baba, ka duba yanzu," in ji Faisal, fuskarsa duk haƙora. "Mota da Mma yake shiga, kuma motan Masta Zuberu guda, da waɗancan rim? Mutane na dariya, Baba. Na ji kunya paa. Yanzu kam ya yi fain, ko?"

Masta bai buƙaci igiya ba. Idonsa ya riga ya auna. Amma ga samari ashirin suna jiran bakinsa, ga yaron da ya haifa yana kallonsa kamar ranar da ya kawo sakamakon makaranta. Ba a tsinka ɗa a gaban jama'a a kan kyauta.

"Allah ya yi albarka," ya ce.

Sai da suka kama hanyar gida ya tambaya a hankali, "Ina tsofaffin?"

"Ai kondem ne, Baba. Wani mai kura yana wucewa, na ce ya kwashe duka."

A nan ne ya kamata ya faɗa masa. Sai ya shige gida. Da aka yi sallar asuba ya ɗauki igiyar ya je makarantar shi kaɗai, don zuciya ba ta yarda da ido in labarin ba daɗi. Tayoyin sun zarce ƙullin da tafin hannu guda har da ɗori. Ya dawo ya sami Faisal a tsakar gida yana shan koko, ya ajiye igiyar a gabansa, ya yi masa bayani a taƙaice, da muryar da yake yi wa masu saye.

Faisal ya ajiye kofin. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, a shimfiɗa katako a kan gota. Masta ya ce bakin kwatar ruɓaɓɓen siminti ne, ba zai riƙe ba. Yaron ya nace, uban kuma ya bar shi, wataƙila don shi ma yana son a ƙaryata shi sau ɗaya. Aka kawo katakai aka jera. Motar ta hau tudu lafiya, ta shiga taku biyar, sai gefen kwatar ya ɓare, katako ya zame, tayar gaba ta nutse har aksil. Baƙin ruwa ya fantsama a bangon mutane. Lungu ya cika maƙil, kowa ya zama injiniya, sai da ƙarti goma sha biyu suka ɗaga ta da baya. Limamin masallaci ya fito ya dubi dakalinsa da aka ɓantare wa baki, ya juya ya koma ciki, wanda ya fi a ce ya yi faɗa.

Duk wannan hayaniya Hajiya tana ciki a shirye, mayafi a kafaɗa, tana ji. Da Masta ya shigo bai ɗauke ta ba, ta dube shi, ta gane.

Ranar nan ya tafi Abossey Okai wurin Zibrim, tsohon maƙwabcinsa na rumfa, wanda suka yi shekara talatin suna musu a kan komai. Suka nemo saurayin da ya sayar wa Faisal. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi abin da boga, wato wanda ya dawo daga waje, ya nuna ya ba shi, kuma rami shida ai rami shida ne. Masta ya dube shi, ya ga ba shi da ma ƙarfin zaginsa. Suka bi sawun mai kura har inda ake tara ƙarafa. Aka nuna musu filin da tulin yake jiya. Tirela ta kwashe da sassafe zuwa Tema, inda ake narkarwa.

"Babu koraa, ko ɗaya," in ji Zibrim. "Yanzu haka sun zama rodi. Mu fara daga farko, Masta."

Suka fara. Rumfa-rumfa, da rodinsa da 'yar sandarsa, tsoho mai shekara sittin da takwas yana durƙusawa yana kifa wili a cikin baƙin mai. Wannan ramin tsakiyarsa ya yi ƙanƙanta. Wannan zai taɓa birki. Wannan ya yi daidai amma ya lanƙwashe. Yara masu rumfa suna ta nuna masa na aloi, wai Baba wannan ne ake yayi. Cikin kwana tara wili ɗaya ya samu, ya rungumo shi a trotro, motar haya, kamar jariri, ya jingina shi a bayan ƙofa. Zibrim ya aika wa mutanensa na Kumasi da awo a takarda, ya ce sai dai a jira.

Talata ta wuce, Juma'a ta wuce, wata Talatar ta wuce. Masta yana murza mata hannun da man zafi safe da yamma yadda ya ga ana yi, amma shi maƙerin ƙarfe ne ba mai gashi ba. Yatsun nan biyu da suka fara motsi suka soma komawa cikin tafin hannu. Ya gani, ta gani.

Faisal ya daina fita wurin abokai. Abinci sai ya huce a gabansa. Sau biyu yana durƙusawa a bakin gadonta yana cewa, "Mma, ni zan goye ki, da gudu zan wuce, ba wanda zai duba." Ita sai ta juya fuska bango. Kwanan komawarsa kuma yana matsowa, saura takwas.

Ranar Alhamis da yamma abin ya fashe a tsakar gida. Masta ya dawo hannu biyu, riga duk baƙin mai, yaron ya tare shi.

"Baba, don me ba ka gaya min ba?"

"Ka tambaye ni?"

"Wata takwas kullum da sauƙi, da sauƙi. Ni ba ɗan gida ba ne? Da ka ce min kalma ɗaya."

"Shekara talatin da bakwai ina wannan aiki," in ji Masta. "Ka ga na sa wili huɗu kala-kala a motata, sai ka ɗauka hauka na yi, ko talauci. Ba ka ce tsohon nan yana da dalili ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ma yaron gaskiya ya faɗa, kuma ba ta amfani kowa ba. Faisal ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Da ya yi magana a hankali ya yi ta, amma gidan ƙarami ne, labule kuma ba ƙofa ba ne.

"Ni na kashe hannun Mma. Haka zan koma, haka zan zauna da shi."

Washegari Juma'a, da Masta ya kawo mata ruwan ɗumi, ta nuna masa akwatin da ke saman sif. Ya sauko da shi. Ta sa ya yi ta ɗaga yaduka har ya zo kan wani ruwan zuma mai ƙyalli, mai tauri, wanda ta ɗaura a bikin babbar 'yarsu.

"Ɗaura min."

"Ina za ki, Hajiya?"

"Asibiti. A kujera."

Ya tsaya da yadin a hannu. Ya ce mata ta ƙara haƙuri, Zibrim ya ce an ga biyu a Kumasi, kwana kaɗan ne. Ta girgiza kai.

"Yaron nan ba zai tafi da wannan a ransa ba."

"Na yi miki alkawari."

"Ni na karɓa," ta ce, kowace kalma sai ta yi dambe da ita. "Na mayar maka. Ɗaura."

Bai taɓa ɗaura ɗankwali ba a rayuwarsa. Tana nuna masa da hannu ɗaya, ninka nan, ja can, ba haka ba Masta, ai ba noti kake ɗaurewa ba. Sau uku tana sa shi ya warware. Na huɗun ya tsaya a karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo, irin ɗaurin da a da in ta gani a kan wata sai ta kira ta gefe ta gyara mata kyauta don kar ya ɓata mata rana. Ta sa ya zizara mata kwalli. Ya miƙo madubi, ta ture shi.

Suka zaunar da ita a farar kujerar roba. Faisal ya kama dama, Masta ya kama hagu, suka ɗaga. Nauyinta bai kai na wili biyu ba.

Hantsi ne, lokacin da lungu ya fi cika. Masu ɗiban ruwa, masu wanki a ƙofar gida, tsofaffin da ke zaune a dakalin masallaci suna jiran lokaci. Surutu ya riƙa mutuwa a gabansu taku bayan taku. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, da irin muryar da ake yi a gidan makoki. Ta miƙe wuyanta iya yadda zai miƙu, tana kallon gaba.

A tsakiyar matsatsin Masta ya ga yawu ya taru a gefen bakinta ya fara gangarowa, siriri, yana sheƙi a rana, ya bi haɓa ya sauka a kan leshinta. Ita ba ta jin wannan gefen, ba ta sani ba. Hankicinsa yana aljihu. Hannunsa biyu suna riƙe da kujera, ƙafarsa ɗaya a bakin kwata, ba wurin ajiyewa. Wata takwas ba ta taɓa yin minti guda da jiƙaƙƙiyar haɓa ba. Ya yi tafiyar nan yana kallonsa yana zuba, kuma bai taɓa jin ya tsani kansa kamar a taku ashirin ɗin nan ba.

A kan tudu suka yi kiciɓis da Zelia tana hawowa daga kasuwa da kwando a ka. Hajiya ce ta ɗaura mata ranar aurenta, ita ta ɗaura mata a sunan 'ya'yanta uku. Zelia ta ratse gefe ta ba su hanya, ta tambayi ta kusa da ita, ba da mugunta ba, da muryarta ta kullum:

"Wannan tsohuwa wane ne? Baƙo suka yi?"

Sai ta ga Masta. Sai ta sake duban kujerar. Ta sa hannu ta toshe bakinta, amma maganar ta riga ta fita, kuma kunnen Hajiya lafiyarsa ƙalau.

Da suka iso bakin titi suka sauke ta kusa da mota, Masta ya zaro hankici ya goge mata. Ta ɗauki lokaci tana kallon wilin nan masu walƙiya. Sannan ta kamo hannun Faisal.

"Sun yi kyau," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Yaron ya fashe da kuka, amma wani irin kuka ne na wanda aka sauke wa kaya. Da yamma ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Bayan sati ɗaya ya koma Italiya, ya rungumi ubansa a filin jirgi ya roƙe shi ya yafe masa, uban ya ce ba komai, kuma a wannan karon da gaske yake.

Daga nan kujera ta zama hanya. Duk Talata da Juma'a maƙwabta biyu sukan zo su kama. Sati na farko ana kallo, na biyu ana gaisuwa, na uku mai kayan miya sai dai ta janye tirenta. Hannun ya ɗan saki, ko da yake bai koma inda ya kai a da ba. Ɗankwalin ruwan zuma ya koma akwati. Ba ta sake neman sa ba, ba ta sake neman kwalli ba. In Masta ya ɗauko sai ta ce ya bari, duk abin da ke kusa ya yafa mata.

Shi kuwa bai fasa nema ba, don bai san yadda ake fasawa ba. Bayan sati biyar Zibrim ya kira: uku sun iso daga Kumasi a motar kaya. Masta ya je da rodinsa da sandarsa, ya kifa su ɗaya bayan ɗaya, tsagin ya zauna daram. Ya sa aka ɗaura musu siraran tayoyi. Da hannunsa ya ɗaure notin, ya karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ya kwanta ya leƙa, ba inda ya goga. Na aloi ɗin ya bar wa Zibrim ya ce ya yi yadda ya ga dama da su.

Ranar Talata da hantsi ya sallami masu ɗaukar kujera tun daga bakin titi. Ya sa giyar ƙafa huɗu, ya hau tudu, ya shiga matsatsin, dakali a dama, kwata a hagu, yatsa uku cif. Ya tsaya a ƙofa. Ƙusar tana nan a bango. Ya ɗauko zanen daga ƙarƙashin kujera, ya kakkaɓe, ya rataya, ya ja gefensa don kar a bar kafa. Ya shiga ɗaki da saurin da ya manta yana da shi.

"Hajiya, mota tana ƙofa. A ƙofa, kin ji? Ta shigo."

Tana zaune a bakin gado da wani tsohon kallabi da ya zame ya bar furfurarta a waje. Ya ɗauke ta. A bakin ƙofa ta ga zanen yana kaɗawa, ta dube shi kamar kayan wani da aka manta a kan igiya.

"Cire, Masta," ta ce. "Sun riga sun gani."

Ya zaunar da ita. Ya koma ya zare zanen daga ƙusa, ya ninke shi huɗu, ya rasa inda zai sa shi, sai ya riƙe a hannu. Wata mata ta zo wucewa da bokiti, ta leƙa ta buɗaɗɗiyar ƙofar ta ce sannu Hajiya. Masta yana kallon hannun Hajiya na dama ko zai kai ga kallabin. Hannun yana kan cinyarta, bai motsa ba.